Kashi 30 kafin 2030: wa zai riƙe dajin, Abuja ko mai gona?

Malamin Gona, Haɗeja
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun makon jiya. An ba ɗana aikin gida a makaranta, wai ya zana ungulu, sai ya zo yana tambayata yaya kamanninta suke. Yaron nan a Haɗeja aka haife shi, gidanmu ba nisa da mahauta, amma bai taɓa ganin ungulu da idonsa ba. Mu da muka taso, sai mahauci ya kore su da sanda kafin ya samu wurin shanya fata. Gauraka ma haka, rabon da in ji kukanta a fadama na manta.

Abin da ya sa na kawo zancen nan shi ne, a Disamban 2022 ƙasashen duniya sun taru a Montiriyal ta Kanada, da Najeriya da Nijar a ciki, suka amince da ƙudurori 23 don a tsayar da ɓacewar ire-iren halittu kafin 2030. Wanda aka fi ji shi ne na keɓe kashi 30 cikin 100 na ƙasa da ruwa. Aka ce kuma kowace ƙasa ta koma gida ta rubuta nata tsarin. To ni aikina kullum cikin manoma nake, ban taɓa jin mai unguwa ko sarkin noma ko sarkin ruwa ya ambaci wannan tsari ba. Masu sani, ku gaya mini: akwai hanyar da takardar nan za ta bi ta iso fadamar Baturiya?

Abban Hanifa
Wa alaikumus salam Malam. Da girmamawa, amma mutumin da yake neman abin da zai sa a tukunya yau, ba ungulu ce a gabansa ba. Turawa sun cinye nasu dazuzzukan sun yi arziki, yanzu mu ne za a ce wa mu bar kashi 30 na ƙasa ga namun daji? Jama'a kullum ƙaruwa suke, gonar gado in aka raba ba ta isar mutum ɗaya.

Ummu Sumayya
Abban Hanifa, rabin maganarka gaskiya ce, ita ce ma wakilan Afirka suka riƙe a teburin. Amma bari in ɗan jero yadda abin ya faro, don wannan fannin na karanta.

Uwar yarjejeniyar, wato ta kare ire-iren halittu, a Riyo ta Birazil aka buɗe ta a 1992, Najeriya ta tabbatar da shigarta a 1994. Amurka har yau ba ta cikinta. A 2010 aka zauna a Nagoya ta Japan aka tsara ƙudurori 20, waɗanda ake kira na Aichi, da wa'adin shekara goma. Da 2020 ta zo, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya fito fili ya ce babu ko ɗaya da aka cika gaba ɗaya, shida ne aka ɗan taɓa. Ana cikin haka, a 2019, kwamitin masanan duniya kan halittu ya ce kusan nau'i miliyan ɗaya na dabbobi da tsirrai suna fuskantar ƙarewa. Wannan faɗuwar ce ta haifi na Montiriyal.

Kuma kashi 30 ɗin nan na duniya ne a dunƙule, ba a ce dole kowace ƙasa ta yanka nata daidai haka ba. Sannan ba a ce a kori mutane ba. A cikin rubutun ƙudurin kansa an ambaci mutunta haƙƙin mazauna wuri da filayen da al'umma ke kula da su a gargajiyance. Akwai ma wasu ƙudurorin da suka fi shafar manomi kai tsaye: a farfaɗo da kashi 30 na ƙasar da ta lalace, a rage illar magungunan feshi da rabi.

Abban Hanifa
To Malama, da kuɗin wa?

Ummu Sumayya
Nan ne gizo ke saƙa. An ce a riƙa tara dala biliyan 200 kowace shekara kafin 2030, daga gwamnatoci da kamfanoni da sauransu. A ciki, ƙasashe masu arziki su ba masu tasowa aƙalla biliyan 20 a shekara zuwa 2025, ya kai biliyan 30 zuwa 2030. Daren da aka buga guduma a Montiriyal, tawagar Kwango ta Kinshasa ta nuna rashin amincewa a kan wannan batu na kuɗi. An buɗe asusu a 2023, amma lokacin da ƙasashen suka sake taro a Kali ta Kolombiya a ƙarshen 2024 abin da aka yi alkawarin zubawa a ciki bai kai dala miliyan 500 ba. Taron ma watsewa ya yi ba a gama maganar kuɗi ba, sai a Fabrairun 2025 aka ƙarasa a Roma. Kuma zuwa ƙarshen taron Kali, ƙasashe 44 ne kacal suka miƙa sabon tsarinsu na ƙasa, cikin 196 da ke cikin yarjejeniyar.

Baba Tsohon Malamin Daji
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki. Shekara talatin da ɗoriya na yi a aikin gandun daji kafin in yi ritaya. Ko da kuɗin sun zo, akwai wani ƙulli da ba a warware ba. Gwamnatin tarayya ce ke zuwa taro ta sa hannu, ita ce ke rubuta tsari. An yi wani na 2016 zuwa 2020, mai ƙudurori 14, na karanta shi, rubutu ne mai kyau. Amma ƙasa ba a hannun tarayya take ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 a hannun gwamna ta damƙa filin jiha. Gandun daji na jiha ne. Minista zai yi alkawari a ƙasar waje, gwamna kuma ya yanka gandun ya raba wa manyan manoma, kuma doka ba ta hana shi ba.

Ana cewa wajen kashi 14 cikin 100 na ƙasar Najeriya keɓaɓɓe ne. A taswira haka yake. Ni na san gandun da a takarda yana nan da iyakokinsa tun zamanin En'e, in ka je ba ka ganin komai sai masara da riɗi, duwatsun iyaka ma an tone su. A shekaruna na ƙarshe mu huɗu ne ke kula da dajin da sai ka yini a kan babur ba ka zaga shi ba, babur ɗin ma nawa ne, man da kuɗina. Ka kama mota cike da gawayin kirya da marke, kafin ka kai ta ofis waya ta riga ka.

A 2020 shugaban ƙasa ya amince a mai da wurare goma su zama gandun ƙasa, har da Falgore a Kano, da Kogo a Katsina, da fadamar Haɗeja. Na yi murna. Amma sauya suna ba ya ɗaukar ma'aikaci. Ku dubi Kamuku a Birnin Gwari, gandun ƙasa ne tun tuni, wa ke iya shiga? Sambisa ma ai gandun namun daji ne asalinsa. Dajin da hukuma ta janye ƙafa daga cikinsa, wani ne zai shiga ya zauna.

Malamin Gona, Haɗeja
Allah ya ƙara girma Baba. Wannan ita ce tambayata, ka ba ta ƙafafu.

Ɗan Masunta, Nguru
Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma abin da ya ci fadamarmu na san shi. Abban Hanifa ya ce mai neman abin tukunya ba ruwansa da wannan zance. Yaya, ai tukunyar tamu ce ta fara ƙonewa.

Da can ruwa yana da lokaci. Damina ya malalo ya rufe fadama, kifi ya hau ya yi ƙwai cikin ciyawa, mu shuka shinkafa. In ya janye a shuka wake da alkama a danshin, Fulani su sauko da shanu, ƙasa ta bushe ta huta. Da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, sai ruwan ya rikice. Ambaliyar da muke so ta ragu, ga kuma ruwa kaɗan kaɗan yana kwance duk shekara. Shi ne abin da ciyawar kacala ke so. Yanzu ta toshe hanyoyin ruwa, wasu garuruwan ruwa ya cinye musu gonaki, wasu na gabas kuma ba ya isa gare su. Cikin kacalar nan jan baki ke kwana, da safe su tashi kamar hadari su sauka kan shinkafa. Sai a turo jirgi ya yi feshi, maganin kuma ba ya tambayar sunan tsuntsu.

Babana yana kama yauni da giwan ruwa waɗanda sai mutum biyu sun ɗauka. Ni yau karfasa da tarwaɗa ne, su ma ƙanana. Kuma ba zan ɗora wa dam laifi duka ba, mu ma muna da namu. Dumba da muke kafawa mu tare hanya, da raga mai ƙananan ido, har da masu zuba maganin ƙwari a ruwa.

An sa tafkin Nguru cikin jerin fadamun duniya na Ramsar tun 2000. Tsuntsaye na tasowa daga Turai su yi hunturu a Dagona, baƙi su zo su ƙirga su. Duk muna alfahari da haka. Amma in da gaske ake, tsarin ƙasa ya ce ga watan da za a saki ruwa daga Tiga, ga yawan da za a saka. Wanda ke riƙe da makullin dam yana wata ma'aikata, mai rubuta tsarin halittu yana wata.

Ummu Sumayya
Wallahi ɗan'uwa ka faɗi abin da ƙudurori na 14 da na 1 suke nufi, wato a shigar da lissafin halittu cikin tsarin kowace ma'aikata, ta ruwa da ta noma da ta ayyuka. Shi ne mafi wahala, shi ya sa aka fi son maganar kashi 30, don ita ana iya zana ta a taswira.

Bamaraɗe
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Ina bin ku tun ɗazu. Ina so in ba ku labarin wajenmu, don ina ganin amsar tambayar Malam tana ciki.

Bayan yunwar 1984 gonakinmu fayau suke, iska na kwashe shuka tun tana jaririya, sai mutum ya yi shuka sau uku. An kashe kuɗi mai yawa wajen dashen itace, yawanci suka mutu. Kuma a lokacin, itace na gwamnati ne ko da a tsakiyar gonarka ya tsiro. In ka sare reshe malaman daji su ci ka tara. To wa zai reni abin da zai jawo masa tara? Sai kowa ya riƙa tumɓuke tsiro tun yana ƙarami.

Abin da muke kira sassaben zamani ba wani abu ba ne mai wuya. Kututturan da ke cikin ƙasa ba su mutu ba. In suka yi toho, maimakon ka share duka, ka zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka sassabe sauran, ka kare su daga awaki. Wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi ta yaɗa dabarar a jihar Maraɗi tun farkon shekarun 1980, amma manoma ne suka ɗauke ta daga gari zuwa gari. Da hannun hukuma ya sassauta, mutane suka ga itacen da suka rena nasu ne, sai abin ya kama kamar wutar daji. Daga baya dokoki suka biyo baya. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200 a Maraɗi da Damagaram da kewaye.

Ku zo kudancin Damagaram ku ga gawo. Itacen da ke zubar da ganye da damina, ya bar hatsi ya sha rana, ya yi ganye da rani dabba ta samu inuwa da 'ya'ya. Geron gindin gawo daban yake da na fili. Da itacen suka dawo, tsuntsaye suka dawo, aka koma rataya amya. Ba wanda ya karanta mana Aichi.

Abban Hanifa
Wannan kam na yarda da shi, don manomi ya ga riba a rumbunsa. Amma Malam Bamaraɗe, gawo da kalgo ba su ne giwa da zaki ba. Wace riba talaka zai gani a giwar da ta tattake masa gona dare ɗaya? Ku tambayi ƙauyukan da ke kewaye da Yankari.

Bamaraɗe
Gaskiyarka, ba ɗaya ba ne. Amma muna da misalin raƙumin dawa a Kure, kusa da Yamai. A 1996 saura 49 a duk Afirka ta Yamma. Ba a cikin gandu suke ba, cikin gonakin mutane suke yawo, suna cin wake da mangwaro. Aka hana farautarsu da gaske, aka ɗauki 'yan gari aikin rakiyar baƙi, aka haƙa rijiyoyi, aka ba mata bashin sana'a. Suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji. Sai dai ba zan ɓoye ba, bayan harin Agustan 2020 da aka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a wurin, baƙi sun ɗauke ƙafa, masu rakiya suka rasa abin yi. Abin da ya dogara da baƙo, ranar da baƙo ya daina zuwa sai ya girgiza.

Baba Tsohon Malamin Daji
Ɗana Bamaraɗe, kada dai a ɗauka komai za a bar wa mai gona. Madobiya fa? Wadda a Taraba suke ce wa madrid. Cikin 'yan shekaru aka yashe ta ana lodawa zuwa Sin, da hannun 'yan gari da masu sarauta da ma'aikata, kowa ya karɓi nasa. Abin da ya rage gudun abin shi ne dakatar da cinikinta daga Najeriya da CITES, yarjejeniyar da ke sa ido kan cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, ta yi a 2018. Ka ga nan takardar ƙasa da ƙasa ta yi aiki, don tana da haƙori a tashar jirgin ruwa. Haka mariri a Chadi. Ya ƙare ƙaf a daji, aka dawo da shi daga Abu Dhabi tun 2016, har a ƙarshen 2023 aka cire shi daga jerin waɗanda suka ɓace a daji. Wannan aikin gwamnatoci ne da kuɗi mai nauyi, ba manomi ne zai yi shi ba.

Ita yarjejeniyar Montiriyal ba ta da irin wannan haƙorin. Ba a hukunta ƙasar da ta gaza, rahoto kawai za ta kawo.

Ɗan Arɗo
Ina jin ana ta lissafa manomi da masunci. In za a keɓe ƙasa, a tuna burtali da makiyaya su ne suka fara tafiya. Mu ma mun ga abin da ya ɓace. Gamba da ke rufe saniya yanzu sai an sayo ta. Duk wurin da aka ce an killace, mu ake fara kora, alhali saniya ba ta sare kirya ta yi gawayi. In ana son a ƙirga filin da al'umma ke kulawa da shi, a ƙirga makiyaya, a sa mata iyaka, a bar mu mu tsare ta.

Malamin Gona, Haɗeja
Ɗan Arɗo, haƙƙinka ne. Amma sassaben gawo da kuka da rani har itace ya mutu, shi ma a faɗe shi.

Ɗan Arɗo
A faɗe shi, Malam. Ba na kare wanda ya yi. Rashin ciyawa ne ke hawar da yaro kan itace da adda.

Hajiya Mai Daddawa
Ku maza kuna ta zancen giwa da raƙumin dawa. Ni shekara ashirin ina daddawa. Da, kalwa a ƙauyukan kusa nake saye. Yanzu sai an kawo daga kudancin Kaduna ko Neja, da yawa cikinmu sun koma waken suya, kuma duk mai miya ta san ɗanɗanon ba ɗaya ba ne. Ɗorawar da ke gonakinmu duk tsofaffi ne, ba ka ganin ƙarama na tasowa. Kaɗanya ma haka, ana sare ta a yi gawayi, itacen da sai ya shekara goma sha biyar ko fiye kafin ya fara 'ya'ya. Mu mata mu ke tsintar ƙwara, mu ke tsinkar kuka, mu muka san wace bishiya ta daina haihuwa, amma gonar ba tamu ba ce, ranar da mai ita ya so ya kira mai injin yanka.

Malama Ummu Sumayya, a cikin ƙudurorin nan akwai inda aka tuna da mu?

Ummu Sumayya
Akwai Hajiya, na 23 kacokan a kan mata yake, har da haƙƙinsu kan ƙasa da albarkatunta. A Kali kuma an kafa kwamiti na dindindin don muryar mazauna wuri da ilminsu na gargajiya. Irin abin da Sarkin Ruwan Argungu ke yi, na hana kamun kifi a Matan Fada sai lokacinsa ya yi, a ƙa'ida ana iya ƙirga shi cikin kashi 30 ɗin ba tare da an karɓe ruwan daga hannun masu shi ba. Abin da ke ci mini rai, tsarin namu da Turanci yake, a intanet. Ban taɓa cin karo da shi da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri ba.

Malam, game da ungulunka: tun 2015 aka sa ta cikin jerin masu dab da ƙarewa. A yankinmu babban abin da ya ci ta shi ne cinikin kanta da sassanta wajen masu magani, sai guba da ake sa wa mushe. Ƙwai ɗaya take yi a shekara, shi ya sa in ta ragu ba ta saurin dawowa. Inda babu ita kuma, mushe na daɗewa a fili, karnuka su yawaita.

Abban Hanifa
Har yanzu ina kan bakana a kan kuɗi, wanda ya fi ɓatawa ya fi biya. Amma na ji maganar Hajiya da ta ɗan'uwa na Nguru. Akwai bashin dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 na shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, don jihohin Arewa 19 da Abuja. Bashi ne, mu za mu biya. Ya kamata kowa ya tambayi ofishin jiharsa hekta nawa aka farfaɗo a ƙaramar hukumarsa, kuma wane irin itace aka dasa, namu ne ko darbejiya da turare kawai.

Malamin Gona, Haɗeja
Na gode muku duka. Ranar Asabar muna da zama da ƙungiyar manoma a ƙauyuka uku kafin a fara sharar gona. Zan gwada maganar barin toho, amma na san tambayar farko da za su yi mini: in na reni gawo ko ɗorawa shekara goma, na tashi sare reshe, malamin daji zai ci ni tara ko ba zai ci ba? Baba, yaya dokar jiha take a kan itacen da ke cikin gona?

Baba Tsohon Malamin Daji
Kowace jiha da tata, ɗana. A inda na yi aiki, akwai jerin itatuwan da ko a gonarka suke sai da takardar izini za ka kayar, gawo da ɗorawa da kaɗanya suna ciki. Sassabe ba kayarwa ba ne, amma ma'aikaci mai son abin hannu ba ya bambancewa. Kafin Asabar ka je wurin shugaban sashen gandun daji na ƙaramar hukuma, ka tafi da dagaci, ya faɗa a gabansa abin da aka yarda da wanda aka hana, in ya yiwu ya rubuta ya sa hannu.

Bamaraɗe
Malam, zan ɗauko maka hoton yadda ake zaɓen toho a gonar yayana gobe in Allah ya kai mu, da na gonar maƙwabcinsa da bai bari ba, ka nuna musu. Ka ce musu su fara da sabara da kalgo, su ne ke saurin tashi.